Bugun Ƙugu: Abin da Ke Sa Sandar Weji Gardama a Kan Fako

Saura taku talatin ka kai rami. Ka zaro sandar weji daga jaka, nufinka ka ɗaga ƙwallo sama ta sauka a hankali kusa da tuta. Ka kaɗa sanda, sai ka ji ƙwas, girgiza ta bi ƙota ta shiga yatsunka. Ƙwallon kuwa ta fita a guje, tashinta bai wuce gwiwa ba, ta wuce tuta, ta ƙetare farfajiyar ramin, ta shige gindin wata darbejiya can baya. Yaron da ke ɗauke da jakarka ya kawar da kai kamar bai gani ba.

Wannan shi ne bugun ƙugu, kuma babu mai wasan golf da bai taɓa ɗanɗana shi ba, daga wanda ya kama sanda jiya har ƙwararren da ke cin abinci da ita. Abin da ya faru bai da tsawo: maimakon fuskar sanda ta shiga ƙarƙashin ƙwallo, bakin ƙarfen ne ya sare ta a tsakiya.

Bari mu fara da awo, domin duk rigimar a kan 'yan milimitoci ake yin ta. A dokar wasan, faɗin ƙwallon golf ba ya gaza milimita 42.67. Ke nan idan tana zaune a ƙasa, ƙugunta na sama da ƙasa da milimita 21 da 'yan kai. Ita kuma fuskar weji a kishingiɗe take. Wanda ke da harafin P a gindinsa yakan kwanta digiri 44 zuwa 48, na yashi mai harafin S kan kai 54 zuwa 56, mai harafin L kuwa 58 zuwa 60. Wannan kwanciyar ce ke ɗaga ƙwallo, tsagogin da ke kan fuskar kuma su kama ta su juya ta baya don ta tsaya in ta sauka. Amma duk wannan sai ƙwallon ta haɗu da fuskar. Bakin ƙarfen ba shi da kwanciya ko ta digiri ɗaya da za ta amfane ka. Idan shi ya riga isa, ƙarfin da ka tanada don tura ƙwallo sama sai ya tura ta gaba gaba ɗaya. Shi ya sa kuskuren ya fi ciwo da weji. In ka yi shi da doguwar sanda, ƙwallon kan je kusa da inda ka nufa ko da ba ta tashi ba, har abokan wasa su ce ka yi sa'a. Da weji kuwa, bugun taku talatin sai ya koma na sittin.

To me ke kai bakin sanda ga ƙugun ƙwallo?

Kan sanda ba a miƙe yake tafiya ba. Yana gangarowa daga sama, ya kai wani wuri da ya fi kowane kusa da ƙasa, sannan ya fara hawa. Wannan wuri guda, ƙarshen gangara, shi ne komai. A bugu mai kyau yana zuwa ne gaba da ƙwallo kaɗan, ta ɓangaren rami: sanda ta taɓa ƙwallo tana kan gangarowa, sannan ta shafi ƙasa. Idan ƙarshen gangarar ya koma bayan ƙwallo, ɗayan biyu ne zai faru. Ko dai sanda ta sari ƙasa tun kafin ta iso, ƙwallo ta mirgina taku biyar ta tsaya. Ko kuma ta tsallake ƙasar da ƙyar, ta riski ƙwallo tana kan hawa, baki ya sari ƙugu. Mutane kan ɗauka saran ƙasa da bugun ƙugu cututtuka biyu ne masu gaba da juna, har su nemi wa kowanne maganinsa. Alhali uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Wanda ya sari ƙasa a rami na uku, jikinsa ya tsorata, a rami na huɗu ya ɗan janye hannu don kada a maimaita, shi ne zai aika ƙwallo cikin daji. An gudu ba a tsira ba.

Babban abin da ke mayar da ƙarshen gangara baya shi ne son taimakon ƙwallo. Ido yana ganin ana son ta tashi, sai jiki ya ce bari in ɗaga ta. Nauyi ya koma kan ƙafar baya, kafaɗar dama ta sunkuya (ina magana ne da mai buga wasa da dama, bahago ya juya lissafin), wuyan hannu ya karye kamar mai kwasar wani abu daga ƙasa ya watsa sama. A daidai lokacin haɗuwa, kan sanda ya riga hannaye wucewa, yana hawa. Mutum ya yi aikin da maƙerin sandar ya riga ya yi masa, ya kuma ɓata shi.

Akwai wasu dalilan da ke bin bayan wannan. Wani yakan ajiye ƙwallo can kusa da ƙafar hagu, inda sanda ba za ta same ta ba sai tana hawa. Wani yakan miƙe tsaye a tsakiyar bugu, gwiwa ta saki, ƙugu ya matso gaba, sanda ta ɗagu da yatsa guda, wanda ya isa ya yi ɓarna. Wani kuma ƙirjinsa ne ke daina juyawa, hannaye su rasa wurin wucewa, gwiwar hannun hagu ta lanƙwashe. Sai na ƙarshe, wanda na fi gani a wurin masu ƙarfi: mutum ya kai sanda baya kamar zai yi bugun taku ɗari, a hanya ya tuna talatin yake so, ya taka birki. Sandar da aka taka wa birki ba ta san inda za ta sauka ba. Dave Pelz, wanda ya yi aiki a hukumar NASA ta Amurka kafin ya koma binciken gajerun bugu, ya koyar da cewa a auna nisa da tsawon kai hannu baya, kamar hannun agogo a kan bakwai da rabi, tara, ko goma da rabi, a bar saurin bugu yadda yake. Ko ba ka bi agogonsa ba, hikimar a fili take: gajarta kai baya, ka wuce ta cikin ƙwallo ba tare da ɗari-ɗari ba.

Akwai wata shawara da za ka ji a kowane fili, tun ƙwallon ba ta gama gudu ba: “Ai ɗaga kai ka yi.” Ni dai ina ganin ta fi kashewa da rayawa. Gaskiya ne kai yakan ɗagu, amma yana bin jiki ne. Ƙugu da gwiwa suka fara tashi. Wanda aka ce wa ya danne kai yakan kafe haɓa a ƙirji, wuya ya sandare, kafaɗa ta kasa juyawa, hannaye su lanƙwashe, a sake komawa gidan jiya. Annika Sorenstam, wadda ta buga zagaye da bugu 59 a shekarar 2001, da David Duval, wanda ya zama na ɗaya a duniya a 1999, dukansu an san su da juya kai wajen rami tun sanda ba ta gama isa ƙwallo ba. Bai hana su komai ba.

Duk abin da na faɗa zuwa nan, mai koyarwa a Ingila ko Amurka zai gaya maka shi. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne ƙasarmu, don bai taka ta ba.

Golf ba baƙo ba ne a Arewa. Filin Rayfield na Jos, wanda ake lissafa kafuwarsa daga 1913, zamanin Turawan haƙar kuza, yana cikin tsofaffin filayen Najeriya. Akwai na Kano, akwai na Kaduna, akwai na IBB a Abuja. Amma wanda ya buga wasa a Kano cikin Janairu ko Maris ya san cewa hoton da ake gani a talabijin wata duniya ce daban. A can ƙwallo na zaune ne a kan ciyawa mai kauri da ake ba ruwa kullum, ta ɗan ɗago daga ƙasa, akwai sararin da bakin sanda zai zura. Ko sanda ta riga taɓa ciyawa da yatsa guda, sai ta zame ta ƙarasa, ba wanda ya sani. A nan, da zarar ruwa ya ɗauke, hunturu ya busa, ciyawa ta ƙone, duk inda bututun ban-ruwa bai kai ba ya koma fako. Ƙwallo na kan tsandauri, babu katifa a ƙarƙashinta. Kuskuren da ciyawa za ta rufa wa asiri, fako sai ya tona shi.

A nan ne kuma gindin sandar ke shigowa cikin magana. Ɗauki wejin yashi ka tsayar da shi a kan siminti, ƙota a miƙe, ka sunkuya ka duba. Za ka ga bakinsa bai taɓa ƙasa ba. Akwai ɗan tozo a bayan gindin, shi ke zaune a ƙasa, bakin yana rataye sama da 'yan milimitoci. Da gangan aka yi shi. Ana danganta yaɗuwar wannan ƙira ga Gene Sarazen, ɗan Amurka da ya ƙara dalma a gindin sandarsa don ta daina nutsewa cikin yashi, ya kuma je da ita ya ci gasar Open ta Birtaniya a filin Prince's a 1932. Tozon kan sa sanda ta zame ta cikin yashi ko ƙasa mai laushi maimakon ta kafe. Shi ma da digiri ake auna shi: 4 zuwa 6 ƙarami ne, 7 zuwa 10 matsakaici, abin da ya haura 10 har 14 babba. Kamfanoni da yawa kan rubuta lambar a jikin ƙarfen. In ka ga 56 da 12 a gefenta, ta biyun ita ce ta tozo.

Wanda ya tashi a ƙasar Zuru, inda saurayi kan yi shekaru yana golmo a gonar surukai, ba ya bukatar dogon bayani a nan. Fartanyar da ke nutsewa har ƙota bayan ruwan Yuli, ita ce za ka kai wa fako sara da ita a watan Fabrairu ta yi tsalle ta dawo, musamman in bayanta ne ya riga bakinta sauka. Haka weji mai babban tozo yake yi. Ya dira a tsandauri yatsa guda kafin ƙwallo, ƙasa ta ƙi karɓarsa, ya yi tsalle, baki ya tashi daidai ƙugu. Mai bugun zai rantse bai taɓa ƙasa ba, alhali ita ya fara taɓawa. Da ya duba bayan inda ƙwallon ta zauna, da ya ga 'yar shaidar da gindin ya goga.

Saboda haka ɗan Zuru da aikin soja ko na gwamnati ya kai Kaduna ko Jos, ya kama wasan, ya sayi jakar sanduna na hannu da aka ƙera don ciyawar Turai, ya kuma zauna yana kallon bidiyon ƙwararren ɗan wasa Phil Mickelson yana buɗe fuskar weji yana cilla ƙwallo sama kamar wasa, to ya haɗa wa kansa abubuwan da ba sa zama inuwa ɗaya da fako. Buɗe fuskar sanda yana ƙara tozo, yana ƙara ɗaga baki. Mickelson ya shafe rayuwarsa yana wannan bugu. Mai wasan Asabar da Lahadi da ya gwada shi a kan tsandauri, garin neman gira zai rasa ido.

To yaya za a yi?

Gyara ya fara tun kafin sanda ta motsa. Matso da ƙafafu kusa da juna, tazarar da ba ta wuce taki ɗaya da rabi ba in bugun gajere ne. Ajiye ƙwallo a tsakiya, ko baya da tsakiya kaɗan idan ƙasa ta yi tauri. Ɗora nauyinka kamar kashi shida cikin goma a ƙafar hagu, ka bar shi can har bugu ya ƙare. Maɓallin rigarka ya kasance daidai saman ƙwallo ko gaba da ita kaɗan, kada ya koma baya, domin inda ƙirji ya tsaya, kusa da nan sanda za ta sauka. Hannaye su ɗan riga kan sanda, ƙarshen ƙota na duban cinyar hagu. Wannan ɗan jinginar tana rage tozo, tana kwantar da baki kusa da ƙasa. Fuska a daidaice, ba buɗewa. In wurin ƙeƙasasshe ne sosai, matso kusa da ƙwallo, ka ɗan ɗaga ƙota, diddigen kan sanda ya bar ƙasa. Gindin da zai gogi tsandauri ya ragu. Daga nan sai ka juya ƙirji baya kaɗan, ka juya shi gaba, hannaye su bi. In an gama, cibiya na duban rami, diddigen dama ya ɗan ɗago, kan sanda bai wuce ƙugunka ba.

Sai dai a kula, abin da ke magani da rani kan zama guba da damina. Watan Agusta, ƙasa ta sha ruwa ta yi taɓo, wanda ya jingina ƙota gaba sosai da weji mai ƙaramin tozo zai binne bakin a laka, ya ɗago da ɓawon ƙasa, ƙwallo na nan inda take. A lokacin babban tozo abokin tafiya ne. Doka ta yarda mutum ya ɗauki sanda har 14, kuma a ganina mai wasa a Arewa ya fi bukatar weji biyu masu gindi daban-daban, ɗaya na rani ɗaya na damina da ramin yashi, fiye da wata doguwar sandar da ba ya zarowa sai sau ɗaya a wata.

Ga aikin koyo, ba sai ka biya kuɗin shiga kulob ba. Kowane filin makaranta ya isa, in dai babu yara a gabanka. Samu tsinke ka ja layi a ƙasa, tsawon kamu biyu. Tsaya yadda layin zai ratsa tsakanin ƙafafunka, ba ƙwallo, ka kaɗa sanda ta shafi ƙasa. Duba shaidar. Idan ta fara daga kan layi ta yi gaba, ka yi daidai. Idan ta fara a baya, ko babu shaida sam, ka ga ciwonka da idonka. Matsa gaba kaɗan a kan layin ka sake, ka sake, har ka jera shaidu kamar haƙoran matsefi, duk a gefe guda. Ƙasar rani ta fi kowane malami faɗin gaskiya a wannan aikin, don ƙura ba ta ɓoye inda aka taɓa ta. Sai ka ga shaidu sun daidaita sannan ka ɗora ƙwallo a kan layin, ka mance da ita, ka ci gaba da neman shaidar gaba. Za ka yi mamakin yadda take tashi ba tare da ka roƙe ta ba. Yi amfani da tsohuwar sanda, kada kuma ka yi sara da ƙarfi. Tsakuwa na cin ƙarfe, tsandauri na cin wuyan hannu.

Wanda nauyinsa ke gudu baya, ya ja ƙafar dama baya ya kafa yatsunta kawai, ya yi bugu goma yana tsaye kusan a kan hagu ita kaɗai. In ya karkata baya, faɗuwa zai yi, jiki kuwa ba ya son faɗuwa, nan da nan zai koya. Mai karya wuyan hannu kuma ya ninke tawul ya shimfiɗa shi kamar tafin hannu guda a bayan ƙwallo. Sandar da ta zo da kwasa sai ta ɗauke shi. In kana son sanin inda ƙwallo ke taɓa fuska, goga alli a kan tsagogin kafin bugu, tabon zai nuna maka.

Bayan duk wannan, akwai tambayar da ya kamata a yi kafin a zaro weji: dole ne ƙwallon nan ta tashi? Filaye da yawa a Najeriya sun daɗe suna amfani da farfajiyar rami ta yashi da aka cakuɗa da baƙin mai, wadda ake shafewa kafin a gara ƙwallo, maimakon ta ciyawa. Irin wannan farfajiya ba ta cika faɗi ba, kewayenta kuma tsandauri ne. Cilla ƙwallo sama don ta dira a kanta caca ce: ta gaza kaɗan ta yi tsalle inda ta ga dama, ta zarce kaɗan ta fice. Idan babu ramin yashi ko kwazazzabo tsakaninka da tuta, ɗauki ƙarfe mai lamba 8 ko 9, ka buga ta ƙasa-ƙasa, ta yi 'yar tafiya a iska ta ƙarasa da gudu. Gindinsu siriri ne, tozonsu kaɗan, kaɗawar da ake bukata gajera ce, kuma ko ka sari ƙugu da su, ƙwallon za ta tsaya kusa da inda ka nufa, tunda dama gudu ka so ta yi. In hanya a share take, ko sandar gara ƙwallo cikin rami ta isa daga taku goma sha biyar a waje.

Wasu na ganin wannan kasawa ce, wai bugun tsofaffi. Su je St Andrews a Sikotilan, inda ake wasan tun ɗaruruwan shekaru, a gaɓar teku mai taurin ƙasa da iska mai ƙarfi, su ga manyan ƙwararrun duniya suna gara ƙwallo daga nesa da farfajiya idan gasar Open ta zo can. Takardar lissafi ba ta da gurbin rubuta tsayin da ƙwallo ta yi, adadin bugu kawai ake rubutawa.

Don haka, ɗan'uwa, kafin ka zargi kanka ko ka kashe kuɗi a sabuwar sanda, juya wejinka ka karanta lambar tozon da ke gindinsa, sannan ka soka tsinke a ƙasar da za ka buga. In tsinken ya ƙi shiga kuma lambar ta haura 10, mayar da shi jaka sai ruwa ya sauka.